Naɗin Zailani a Birnin Ƙafau

Ni na fara ganin Birnin Ƙafau. Duk wanda ya ce maka kakansa ya riga ni, ka tambaye shi da wace igiya kakan nasa ya sauka. Sunana Kakale, haƙar rijiya ce sana'ata, wurin ubana na gaje ta, kuma rijiya saba'in da uku na haƙa da hannun nan da kake gani saura yatsu uku. Ban san ko bihim ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma abin da idona ya gani a ƙarƙashin ƙasa, babu malamin da ya taɓa cin karo da shi a littafi.

Shekarar da abin ya faru, damina biyu ta wuce garinmu, Birnin Ɗorawa, ko sannu ba ta ce mana ba. Rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. A wata guda na binne 'ya'yana biyu, aka bar ni da autata Tasalla, leɓɓanta duk sun tsage. Na ɗauki diga na shiga tsohuwar Rijiyar Tsamiya da ke bayan ganuwa, mai zurfin gaba arba'in, na ce ko in sami ruwa ko ta zama kabarina. Kwana tara ina haƙa ni kaɗai. A na goma, da rana tsaka, diga ta bugi wani faifan dutse, ya amsa kamar ganga. Na ɗaga shi. Sai ga wani koren haske yana tasowa daga ƙasa, da iska mai ƙanshin ruwan farko. Na leƙa, na ga matakala ta miƙe ƙasa, can ƙarshenta ga ƙofa, bayan ƙofar ga soraye. Na mayar da dutsen, na fito, na kama bakina. Abu ɗaya na manta: ɗanyar lakar da ta manne mini a ƙafa.

A garin akwai Ɗangaladima Zailani, wan sarkinmu, uba ɗaya. Shekara bakwai ke nan da aka kama shi yana ƙulla wa ƙanen nasa makirci, aka tuɓe masa rawani a gaban fada, jama'a na kallo. Tun daga ranar bai sake sa komai a kansa ba sai hula. Ya ce kan da aka raba da rawanin sarauta ba ya ɗaukar na kasuwa. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba. In ya gaishe ka sai ka ji kamar kai ne sarki, bayan kwana uku kuma ka tarar kun daina magana da amininka, ba ka san ta inda aka hau ba. A bayan idonsa Zuma ake ce masa, ga zaƙi ga harbi. Kafin ka gan shi, ƙanshin turaren jibda ya riga shi isowa.

Shi ne ya zo mini ta'aziyya, ya zauna a kan yagaggiyar tabarmata kamar kilishi ne. Ya yi addu'a mai tsawo, idonsa kuwa na kan ƙafata.

Ya ce, "Sarkin Haƙa," ni da ko mai unguwa bai san sunana ba, "a ina mutum ke samun ɗanyar laka a garin nan bana?"

Na yi masa ƙarya, ya yi murmushi. Ya ce shi dai tausayina yake ji, don in labari ya kai fada cewa wani ya ɓoye ruwa yara na mutuwa, ba a san inda abin zai tsaya ba. Ya ce shi abokina ne, so yake kawai mu je tare mu samo wa talakawa ruwa. Na san ƙarya yake. Wanda ya riƙe ruwa a shekarar nan shi ya riƙe gari, da shi zai sa a tuɓe ƙanensa a naɗa shi. Amma na ji tarin Tasalla daga ɗaki, na ce to.

Washegari da hantsi muka isa bakin rijiya. Na ɗaure igiyoyi biyu a gindin tsamiya. Ya buɗe hannuwa kamar mai jiran a sa masa riga, na ɗaura masa tasa a ƙugu. Sai ya ce in kawo tawa ya ɗaura mini, don a yi zumunci. Na ce a gafarce ni, ubana ya hana. Mahaƙi ba ya barin hannun wani ya ƙulla masa igiya a jiki, ko da hannun uwarsa ne. Ya yi dariya, ya ce su a gidansu akasin haka ne, abin da mutum ya ɗaura wa kansa ba sarauta ba ce. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ƙulla komai ba, ko mazagin wando barori ke ɗaure masa. Da alfahari ya faɗa. Ka riƙe wannan.

Muka sauka, muka bi matakala. A bakin ƙofar ga wani kwaɗo zaune, girmansa kamar rumbu, da gemu fari har ƙasa, ya dafe ƙyauren da hannu ɗaya. Na yi masa sallama.

Ya ce, "Aminci ga wanda ya zo da aminci. Ya ku 'ya'yan Adamu, ku ji ka'idar wannan ƙofa kafin ku taka. Biyu ke shiga, ɗaya ke fita. Mai fita zai fita da abin da ya zo nema. Sarki ne ke zaɓen wanda zai zauna. Kun yarda?"

Na buɗe baki in ce mu koma, Zailani ya riga ni. Ya ce, "Mun yarda, ya ma'abocin ƙofa." Ɗan sarki ai ba ya tambayar talaka kafin ya amsa masa. Kwaɗon ya shigo da mu, ƙofa ta rufe a bayanmu, ko tsaga babu. Sai Zailani ya ce in ɗan yi gaba, ya tsaya yana yabon gemun kwaɗon, ya shafa masa turare, ya sa baki a kunnensa. Ban ji abin da ya tambaya ba. Na dai ga kwaɗon ya lumshe ido yana ba shi amsa, Zailani kuma ya taho yana kallona kamar yadda mahauci ke kallon rago.

Ba mu yi nisa ba muka iske kogi, amma na rairayi, ja wur, yana gudu yana huci kamar maƙera. Ƙasusuwan mutane na tasowa suna nutsewa a ciki. A gaɓa akwai jirgin dutse da aljanu biyu 'yan'uwa, ɗaya mai jirgin, ɗaya mai filafili. Suka ce ladan fito ido ɗaya-ɗaya, mu zaɓi na dama ko na hagu. Zailani ya ce wannan ai rangwame ne, sai dai yana son ya gai da kowannensu shi kaɗai, yadda ake yi wa manya. Ya ja mai jirgi gefe, ya ce ya yi mamaki da ɗan'uwansa ke gaya wa baƙi wai jirgi ba filafili turmi ne kawai. Ya ja mai filafili, ya ce bai ji daɗi ba da aka kira shi bara mai riƙe sanda. Shekara dubu suna aiki tare. Kafin ka tauna goro sun kama juna, wannan ya cire wa wancan kunne, wancan ya tsinke wa wannan hannu, suka gangara cikin rairayi suna cizon juna har ya rufe su.

Zailani ya shiga jirgi ya naɗe ƙafa, ya miƙo mini filafili. Ni na tuƙa. Rairayin ya yi ta fantsamo mini, ya cinye rigata ƙurmus, ya toye mini baya. A tsakiyar kogi filafili ya suɓuce, na kai hannu na cafo shi, na zaro hannun babu yatsu biyu. Ban yi kuka ba. Wani da tuni ya suma, ni kuwa na ɗaure dungun da haƙorina da tsumma, na ƙarasa da mu gaɓa.

A nan ne ya nuna mini alherin da ya kusa kashe ni. Ya ce bai kamata mutum ya shiga gaban sarki tsirara ba, kuma shi ba zai iya kallon wanda ya ceci ransa a haka ba. Ya tuɓe babbar rigarsa mai aiki ya sa mini, ya yafa mini alkyabba, ya ɗora mini hularsa, ya zura mini takalmansa. Shi kuma ya tsaya daga shi sai 'yar shara, ya shafa toka a fuska, ya saɓa digata wai don hannuna ya huta. Ya ce in rufe hannuwana cikin alkyabba kada ciwon ya sha iska. Har godiya na yi masa.

Daga nan muka shiga wata makekiyar ruga. Shanun cikinta na ruwa ne. Kana hango bayansu ta cikinsu, ga kifi na yawo a tumbinsu, in sun girgiza sai ka ji yayyafi. Kowace saniya ruwan wata rijiya ce ta duniya, in aka janye ta nan sai rijiyar ta ƙafe a sama. Na gane tamu tun daga nesa, baƙa ce mai ƙanshin saiwar tsamiya, ta rame tana kallon sama tana kuka. Ni ido na kan igiya kafin komai, haka aka koya mini. Na lura kowace saniya an yi mata zarge a wuya, irin ƙullin da in ka ja yake ƙara matsewa. Na kuma lura babu turke ko ɗaya a rugar. Igiyoyin duka sun miƙe wuri guda, dubu a kan dubu, sun shige ta ƙofar fada.

Muka bi su. A zauren fada muka tarar da Sarkin Ƙafau. Tsawonsa ya kai giginya, gemunsa gansakuka, idanunsa kamar bakin rijiya biyu, in ka kalla sai jiri ya ɗebe ka. Fadawansa aljanu sun zauna sahu-sahu, babu mai motsi. A damansa akwai karagar dutse, a kanta wani ƙunshin farin yadi kamar an tara wanki, kuma can ƙarƙashin karagar igiyoyin nan suka shige.

Zailani ya faɗi ya yi gaisuwa irin ta bara, goshi a ƙasa. Ya ce ga ubangidansa Ɗangaladima, jikan sarakuna tara, shi kuma bawansa ne mai haƙar rijiya, sun zo roƙon baƙar saniya.

Sarkin ya ce, "An ba ku. Al'adarmu ita ce, mafi girman asali cikin biyu shi muke riƙewa. Bawa ya ja saniya ya tafi."

A nan na gane abin da kwaɗo ya raɗa masa, na gane rigar da ke jikina likkafani ce. Na ce ni ne mahaƙin, aka yi mini dariya. Zailani har da hawaye, wai tsoro ne ya taɓa hankalin ubangidansa. Aka sa masa igiyar baƙar saniya a hannu. Ya gama cin nasara, ƙofa kawai ta rage masa.

Sai sarkin ya ɗaga hannu, aka buga tambari sau goma sha biyu. Ya ce, "Ba ma riƙe ɗan babban gida mu wulaƙanta shi. Sarkin Ruwanmu ya tsufa, yau za mu naɗa sabo. Duk saniyar da ke rugar nan a ƙarƙashinsa take. Rijiyoyin ƙasa bakwai ba sa cika ba sa ƙafewa sai ta wurinsa."

Wani aljani siriri mai hannu huɗu ya fito ɗauke da rawani a kan faifai. Ban taɓa ganin fari irin nasa ba, kumfar madara ma baƙa ce a gabansa. Ya nufo ni yana warware shi. Na ja da baya, na ce ba na ƙin kyautar sarki, amma a ba ni in naɗa da kaina, don hannun wani ba ya ɗaura mini komai a jiki. Sarkin ya ce tun da aka kafa birnin bai taɓa jin ɗan sarautar da ya nemi naɗa kansa ba.

Na waiga na ga Zailani bai tafi ba. Yana tsaye, igiya a hannu, idonsa a kan rawanin. Shekara bakwai kansa na shan rana. Amma ko a nan bai yi gaggawa ba, sai da ya auna. Ya durƙusa ya ce bawa na neman izinin tambaya uku, don ya kai wa mutanen gida labari.

"Wa ke da ikon tuɓe wannan rawani?"

"Babu, mutum ko aljan, muddin mai shi na numfashi."

"Shanun nan duka, shi suke bi?"

"Duk inda yake, nan suke."

"Kunne nawa ake yi masa?"

"Biyu, irin na 'ya'yan sarki."

Na ga lissafin a fuskarsa: saniya ɗaya da gari ɗaya, ko dubu da ƙasa bakwai, in ya hau kuma ya ba da umarni a buɗe masa ƙofa. Ya saki igiyar. Ya miƙe tsaye, ya share tokar fuskarsa, muryarsa ta koma ta fada. Ya ce gwaji ya yi, don ya ga ko fadar nan ta san jinin sarauta. Ya fizge alkyabbar daga kafaɗata, ya ɗaga hannuna sama kowa ya ga kanta da dungun yatsu, ya shimfiɗa nasa tafin mai laushi kamar na amarya. Ya nuna farin layin da tsohon rawani ya bari a goshinsa. Ya jero kakanninsa tara bai yi tuntuɓe ba.

Sarkin ya ce, "Da bakinka ka nema?"

Ya ce, "Da bakina, kuma haƙƙina ne."

Aka ture ƙunshin yadin nan gefe, Zailani ya hau karaga, ya sunkuyar da kai ya lumshe ido, yadda 'ya'yan sarauta suke yi. Mai hannu huɗu ya kama bakin rawani. Ni na sha ganin naɗi daga bayan taro, na san daga kan hula ake farawa. Wannan daga wuya ya fara. Ya zagaya sau ɗaya, ya zura bakin ta cikin madaukin da ya yi. Zarge ne, irin na shanun waje. Yaron da ya taɓa ɗaure akuya ma zai gane shi.

Allah shaida ne na yi magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙullin..."

Bai ko buɗe ido ba. Ya ce, "Tun yaushe talaka ke magana a wajen naɗi?"

Na yi shiru. Ba zan ɓoye maka ba, shirun bai yi mini nauyi ba.

Aka naɗa kai, aka fitar da kunnuwa biyu, ya yi kyau ƙwarai. Rawani bai ƙare ba. Ya sauko ƙirji, ya haɗa da hannuwa, ya bi ƙugu ya zagaye karagar dutsen, ya koma ya sake zagayowa. Sai aka shiga zaro igiyoyin shanu daga cikin tsohon ƙunshin ana ɗaura su a jikin sabon, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zare ta ƙarshe ƙunshin ya buɗe. Mutum ne a ciki, ya bushe kamar ƙadangaren da ya mutu a bango, da zoben sarauta na lilo a yatsarsa. Ya motsa baki ya ce, "Ruwa," ya zube ya zama gari. Turken rugar ke nan. Shi ya sa suke neman ɗan sarauta, don shi kaɗai ke miƙa wuya da kansa a ɗaure shi, har ya yi godiya.

Shanu dubu suka ja a lokaci guda. Na ji ƙasusuwansa sun amsa. Duk da haka Zuma bai daina zuma ba. Da ya sami numfashi sai ya kira ni a hankali, da muryar nan ta ranar ta'aziyya. Ya ce Sarkin Haƙa, ɗan'uwa, in matso in ɗan sassauta masa amawali kawai, zai ba ni ƙasa uku cikin bakwai, zai aurar da Tasalla ga ɗan sarki. Na ga mai hannu huɗu ya tsaya da sauran yadi yana kallon hannuna, yana jira in taɓa.

Na ɗauki igiyar baƙar saniya daga ƙasa. Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa. Talaka ba ya magana a wajen naɗi."

Na kwance mata zargen da yatsuna uku, na yi mata ƙullin gidanmu, wanda ba ya shaƙewa. Na haye bayanta. Ta ratsa kogin rairayi yana ta tsuwa a ƙarƙashinta, kwaɗo ya buɗe ƙofa, ta hau matakala, ta kai gindin rijiya ta narke. Ruwa ya ɗauko ni gaba arba'in ya ajiye ni a bakin rijiya, la'asar ko sakaliya ba ta yi ba. Da hular Zailani na ɗebi na farko na kai wa Tasalla. Ta rayu, jikokinta goma sha ɗaya yanzu.

Mutanen gari suka ce addu'ar liman ce ta karɓu. Zailani kuwa, wai ya gudu gabas. Na bar su, ramin da ya gina ni na san zurfinsa. Amma ka tambayi kowace mace a Birnin Ɗorawa me ya sa ruwan Rijiyar Tsamiya ke ƙanshin jibda, shekara hamsin ke nan. Ka tambaye su me ya sa ba a zuwa ɗiba da rana tsaka, lokacin da wata murya mai ladabi ke kiran mutum da sarautar da ba shi da ita, tana roƙon ya ɗan sauko.

Wanda ya ce ƙarya nake, rijiyar ba ta tashi ba, faifan dutsen na nan inda na bar shi. Ya zo gobe da hantsi, ya taho da wanda ya fi shi asali ko wanda ya fi, wannan ruwansa. Igiya ina da ita. Sharaɗina ɗaya ne: ya tsaya cak, ya buɗe hannuwa, ni zan ɗaura masa.